Wa Ke Zaɓa Mana Littattafan da Muke Karantawa?

A watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta ƙasar Amurka ta fito da wasu ƙarin shafuka na musamman, a cikinsu har da jerin littattafai 15 da ta ce ya kamata jama'a su nema su karanta a hutun bazara. Ba a jima ba masu karatu suka gano cewa 10 daga cikinsu babu su a duniya gaba ɗaya. Sunayen marubutan na gaskiya ne, wasunsu ma fitattu ne, amma littattafan da aka jingina musu ba su taɓa rubuta su ba. Mutumin da ya haɗa jerin ya amsa cewa ƙirƙirarriyar basira ya sa ta yi masa aikin, bai kuma bi diddigin abin da ta ba shi ba, ita kuwa jaridar ta nemi afuwa tare da bayyana cewa daga wani kamfani na waje ta karɓo shafukan. Abin da ya fi damuna a wannan al'amari shi ne yadda jerin ya bi ta hannuwa da dama har ya kai ga bugawa ba tare da wani ya tsaya ya tambaya ko akwai wanda ya karanta ko da shafi ɗaya ba.

Duk jerin da aka raɗa wa suna "sababbin littattafan da ya kamata a karanta" yana ɗauke da alƙawari, wato akwai wanda ya zauna ya karanta, ya auna, sannan ya ce wa ɗan'uwansa wannan ya cancanci kuɗinka da lokacinka. Sai dai idan aka duba da kyau za a tarar cewa jere-jeren nan ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Wani yana faɗa maka abin da ya fito a wannan wata, wani abin da ya fi kasuwa a wannan mako, wani kuma abin da wasu alƙalai kaɗan suka yaba, alhali kai da kake riƙe da jerin abin da kake son sani shi ne ko littafin zai karɓe ka, ko zai karɓi ɗanka mai shekara bakwai. Ana yawan cakuɗa waɗannan tambayoyi kamar abu ɗaya ne, kuma daga nan ne yawancin takaicin mai karatu ke tasowa. Ra'ayina shi ne shawarar littafi amana ce, kuma mai karɓar ta yana da haƙƙin ya san wanda ya bayar da ita, da ma'aunin da ya yi amfani da shi, da abin da zai samu idan aka bi shawarar tasa.

Bari mu fara da maganar sabunta. A manyan kamfanonin ɗab'i littafi kan ɗauki shekara guda ko fiye tsakanin ranar da aka karɓi rubutunsa da ranar da zai hau kanta, kuma tun a cikin wannan tsakani ake yanke wa mafi yawan littattafai rabonsu. Kamfani kan ware 'yan kaɗan daga cikin abin da zai fitar a kakar ya sa su a sahun gaba, su ne za a tura wa 'yan jarida da masu sharhi kwafinsu watanni kafin fitowa, su ne za a nemo wa kalaman yabo daga bakin sanannun marubuta a buga a bango, kuma su ne za a biya manyan kantuna su ajiye a teburin da ke bakin ƙofa. Shari'ar da aka yi a Amurka a 2022, wadda ta ƙare da kotu ta hana kamfanin Penguin Random House sayen Simon & Schuster, ta fito da wannan tsari fili, domin muhawarar ta karkata ne a kan littattafan da ake biyan marubutansu kafin alƙalami na dala 250,000 ko sama da haka. Kamfanin da ya zuba irin wannan kuɗi dole ne ya kashe wani a kan talla domin ya mayar da uwar kuɗinsa. Saboda haka idan ka ga littafi ɗaya ya bayyana a jere-jere goma a wata guda, galibi abin da kake gani shi ne ƙarfin gwiwar mawallafinsa, tun kafin jama'a su ce uffan.

Ba na cewa wannan yaudara ce. Editan da ya yaƙi abokan aikinsa domin a karɓi wani rubutu shi ma mai karatu ne, kuma sau da yawa idonsa ya fi na mafi yawanmu kaifi. Abin da nake so a riƙe kawai shi ne sabunta shaida ce ta kwanan wata, kuma kasuwa da kanta ta san haka, tunda a Amurka kusan kashi biyu cikin uku na littattafan takarda da ake sayarwa waɗanda suka haura shekara guda da fitowa ne.

Jerin littattafan da suka fi kasuwa shi ne wanda mutane suka fi ɗauka a matsayin lissafi tsantsa, amma shi ma da hannun mutum a cikinsa. Wanda ya fi suna a duniya shi ne na jaridar New York Times, da ya faro tun 1931, kuma har yau jaridar ba ta bayyana kantunan da take karɓar alƙaluma daga gare su ba, ballantana yadda take haɗa su. A 1983 marubuci William Peter Blatty ya maka ta a kotu bisa zargin ta ƙi sa littafinsa duk da yawan cinikinsa, sai jaridar ta kare kanta da cewa jerin aikin edita ne wanda doka ta ba ta 'yancin tsarawa, kuma a ƙarshe ita ta yi nasara. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 kuma takan sa wata 'yar alama a gefen littafin da ta samu rahoton an saye shi da yawa a dunƙule, saboda an sha samun marubuta ko magoya bayansu suna sayen dubban kwafi domin littafi ya hau jeri.

Ko da an kawar da duk wata dabara, yawan ciniki yana da wata ɗabi'a ta kansa. A 2006 wasu masana uku, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutane fiye da 14,000 da waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Sun raba mutanen gida-gida, aka bar wasu su zaɓi waƙa da kunnuwansu kawai, wasu kuma aka nuna musu yawan waɗanda suka riga su saukar da kowace waƙa. A inda mutane ke ganin zaɓin juna, tazara tsakanin waƙar da ta yi tashe da sauran ta yi faɗi sosai, kuma wadda ta zo ta ɗaya a wannan gida takan zama ta tsakiya a wancan. Waƙoƙin da suka fi kyau da wuya su faɗi warwas, marasa kyau ƙwarai da wuya su yi fice, amma duk abin da ke tsakani ya dogara ne da wanda ya fara samun 'yan kallo. Gwajin a kan waƙa aka yi shi, sai dai duk wanda ya ga yadda TikTok ya tayar da wani ƙagaggen labari na Madeline Miller, wanda ya fito tun 2011, ya mayar da shi sahun gaba bayan shekara goma, zai gane cewa littafi ma haka yake tafiya. Labarin yana nan yadda yake tun ranar da aka buga shi, masu nuna shi ne suka ƙaru.

Lambobin yabo su ne suka fi kusa da alƙawarin da na ambata, domin a nan akwai mutanen da aka san sunayensu kuma aka ɗora musu nauyin karantawa. Gasar Booker, wadda ta faro a Birtaniya a 1969, tana naɗa alƙalai biyar sababbi kowace shekara, waɗanda a 'yan shekarun nan sukan karanta littattafai sama da 150 cikin watanni kaɗan, su tace su zuwa 12 ko 13, sannan zuwa 6, kafin su ba mutum ɗaya fam 50,000. Amma mawallafa ne ke shigar da littattafan, kuma akwai iyaka ga adadin da kowane kamfani zai shigar, don haka akwai tacewar da ta gabaci tacewar alƙalai. A Faransa kyautar Goncourt, da ake bayarwa tun 1903, kuɗinta yuro 10 ne kacal, amma duk wanda ya ci ta ya san dubban ɗaruruwan kwafi za su fita, wanda ke nuna cewa ainihin abin da gasa ke bayarwa shi ne hankalin jama'a. Shekarar 2021 ta nuna amfanin hakan ga marubutan Afirka, lokacin da Abdulrazak Gurnah ɗan asalin Zanzibar ya ci Nobel, Damon Galgut na Afirka ta Kudu ya ci Booker, shi kuma Mohamed Mbougar Sarr na Senegal ya ci Goncourt. A ranar da aka sanar da Gurnah, mutumin da ya riga ya rubuta ƙagaggun labarai goma, mafi yawan littattafansa sun yi wuyar samu a Amurka har sai da aka koma aka sake buga su. Shekara da shekaru ke nan jere-jeren sababbin littattafai suna wuce shi.

Akwai kuma wani abu da bai kamata a tsallake ba. A 2014 Balázs Kovács da Amanda Sharkey sun kwatanta littattafan da suka ci manyan lambobin yabo da takwarorinsu da suka kai zagayen ƙarshe ba su ci ba, suka duba makin da masu karatu ke ba su a dandalin Goodreads. Sun tarar cewa bayan littafi ya ci gasa masu karanta shi suna ƙaruwa, amma makinsa yana sauka. Babban dalilin shi ne kafin nasarar waɗanda ɗanɗanonsu ya dace da littafin ne ke nemo shi, bayan nasarar kuwa sai kowa ya ɗauka saboda sunan da ya yi, har da waɗanda ba irin abin da suke so ba ne. Wannan bincike ya tabbatar mini da abin da masu kula da ɗakunan karatu suka daɗe da sani, cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma a ƙagaggen labari dacewar littafi da mai karanta shi wani ɓangare ne na ingancin shawara.

Shi ya sa nake ganin mai sharhin ƙagaggen labari bai sauke nauyinsa ba idan ya tsaya a kan cewa labari ya yi daɗi. Ya kamata ya nuna mana jigon, ya faɗi yadda aka tsara labarin, ko a jere yake tafiya ko yana komawa baya, ko bakin mutum ɗaya ne ke ba da shi ko bakuna da yawa, ya kuma ɗanɗana mana salon da jimla biyu ko uku daga ciki, ba tare da ya tona ƙarshensa ba. Da wannan mai karatu zai iya cewa wannan nawa ne ko da mai sharhin bai so shi ba. Wanda kuma littafin ke hannunsa yana da gwaji mafi sauƙi, ya bar shafin farko wanda marubuci da edita suka fi gogewa, ya buɗe tsakiya ya karanta shafi biyu, ya ga ko taurarin suna magana kamar mutane, ko kuwa marubucin ne ke magana ta bakinsu duka. Wani abin dubawa a jeri shi ne fassara, kuma a nan ya dace a yaba wa gasar Booker ta ƙasa da ƙasa, wadda tun 2016 take raba kuɗinta daidai wa daida tsakanin marubuci da mai fassara. A 2016 ɗin Han Kang ta Koriya ta Kudu ta ci tare da Deborah Smith, shekara takwas kafin ta ci Nobel, a 2019 Jokha Alharthi ta Oman ta zama ta farko da ta ci da littafin da aka fassaro daga Larabci, a 2025 kuma aka ba Banu Mushtaq da Deepa Bhasthi saboda gajerun labaran da aka fassaro daga harshen Kannada na Indiya. Jerin da babu fassara ko ɗaya a cikinsa jerin harshe ɗaya ne, ko da an kira shi na duniya.

Idan aka zo kan littattafan da ke da'awar faɗin gaskiya, irin su tarihi, da tarihin rayuwa, da kimiyya, da siyasa, ma'aunin ya sauya gaba ɗaya, kuma a nan ne kuskuren mai ba da shawara ya fi tsada. Wanda ya karanta labari marar daɗi ya yi asarar 'yan kwanaki, amma wanda ya karanta tarihi na ƙarya zai ɗauke shi a kansa ya riƙa yaɗawa. Mutane da yawa ba su san cewa galibin kamfanonin ɗab'i ba sa bin bayanan littafi ɗaya bayan ɗaya su tantance ba. Yarjejeniyar da ake sa wa hannu takan ɗora alhakin gaskiyar abin da aka rubuta a wuyan marubuci, edita ya duba tsari da harshe, lauya ya duba abin da zai iya jawo ƙarar ɓata suna, marubucin da ke son a tantance masa kuwa sau da yawa daga aljihunsa yake biya. A 2005 Oprah Winfrey, fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin a Amurka, ta zaɓi littafin James Frey, wanda ya ce tarihin rayuwarsa ne, ta tallata shi ga miliyoyin masu kallonta, sai a watan Janairun 2006 aka bankaɗo cewa ya ƙirƙiri muhimman sassa, har da zaman kurkuku na wajen wata uku alhali 'yan sa'o'i kawai aka tsare shi. A 2019 kuma, ana cikin hira kai tsaye a rediyon BBC, mai gabatarwa ya nuna wa marubuciya Naomi Wolf cewa mutanen da ta rubuta a littafinta an zartar musu da hukuncin kisa a Ingila ta ƙarni na 19 ba a kashe su ba, ta yi wa rubutun kotu na zamanin mummunar fahimta ne. Littafin ya samo asali daga kundin digirinta na uku, ya bi ta hannun editoci, amma wanda ya koma ya buɗe takardun kotun da kansa shi ne ya gano, kuma daga baya mawallafinta na Amurka ya janye daga fitar da shi.

Saboda haka kafin in yarda da shawarar irin wannan littafi nakan so in san abu biyu game da mai shawarar: ko ya san fannin, ko kuma aƙalla ya nemi jin ta bakin waɗanda suka san shi. Daɗin karatu ba hujja ba ne a nan, domin littafin da ya fi santsi wani lokaci shi ne wanda ya share duk wata ja-in-ja da ke tsakanin masana. Mai saye ya juya bayan littafin ya duba manazarta, ya zaɓi magana ɗaya da ta ba shi mamaki ya bi ta ya ga inda aka samo ta, ko daga takardun asali ne ko daga wani littafin da shi ma ya ciro daga wani. Ya kuma lura ko marubucin yana kawo hujjar masu saɓa masa da ƙarfinta, ko kuwa yana kawo ta a raunane domin ya ture ta cikin sauƙi. Shekarar bugu tana da muhimmanci a fannin lafiya da fasaha inda ilimi ke sauyawa da sauri, amma littafin da aka rubuta cikin gaggawa kan abin da ya faru wata shida da suka wuce yakan tsufa kafin a gama sayar da bugun farko. Yanzu kuma an samu ƙarin matsala, tunda a 2023 kamfanin Amazon ya ga dole ya taƙaita masu wallafa wa kansu zuwa littafi uku a rana saboda ambaliyar rubuce-rubucen na'ura, a shekarar da masana suka yi gargaɗi kan wasu littattafan da ke koyar da bambance tsirran daji masu guba da marasa guba, waɗanda alamu suka nuna ba mutum ne ya rubuta su ba.

Littattafan yara su ne suka fi buƙatar a tsaya a kansu, domin su kaɗai ne wanda ya rubuta, da wanda ya buga, da wanda ya yaba, da wanda ya saya duk manya ne, shi kuwa wanda aka yi dominsa ba a cika jin ta bakinsa ba. Babba yakan nemi littafin da zai koyar da darasi, yaro kuwa yana neman ya san abin da zai faru a shafi na gaba, kuma idan aka bar babba shi kaɗai sai a tara wa yaro wa'azi da aka yi wa fenti. Ba na adawa da darasi, amma darasin da ya zauna a zuciyar yaro shi ne wanda labari ya ɗauko, har yaron ya gano shi da kansa.

Littafin hoto sana'a ce mai ƙa'idojinta. Mafi yawansu shafi 32 ne, saboda ana buga shafuka a kan manyan takardu a naɗe su takwas-takwas ko sha shida-sha shida, kuma a cikin wannan ƙunci marubuci da mai zane suke lissafa inda za a juya shafi. A littafi mai kyau jimlar da ke ƙasan shafin dama takan bar tambaya a buɗe, yaron ya kai hannu ya juya da kansa, sannan hoton ya faɗi abin da rubutun bai faɗa ba, misali rubutu ya ce yarinya ta duba ko'ina ba ta ga kyanwarta ba, alhali ga wutsiyar kyanwar nan ta leƙo daga ƙarƙashin gado. Yaron da bai iya karatu ba tukuna zai nuna wutsiyar da yatsa yana dariya, domin ya san abin da mai karanta masa bai faɗa ba, kuma a wannan lokaci ya fara koyon ciro ma'ana daga shafi. Wannan ba ya bayyana a taƙaitaccen bayanin da ke cikin jeri. Hanya ɗaya ta gane shi ita ce a karanta littafin da babbar murya, a ji ko jimlolin suna zama a baki, a kuma ga ko yaron zai ce a sake. Alƙaluman shekaru da ake bugawa a bango kimantawa ce kawai, tunda yara biyu 'yan shekara takwas na iya bambanta ƙwarai, shi ya sa malamai ke da wata tsohuwar dabara ta sa yaro ya karanta shafi guda yana naɗe yatsa duk inda ya ci karo da kalmar da ta gagare shi, idan yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, to littafin na karanta masa ne, lokacin karanta shi da kansa bai yi ba.

A 1990 Rudine Sims Bishop, farfesa a jami'ar jihar Ohio, ta kawo wani kwatanci da ya zama ma'auni a wannan fanni, cewa yaro yana buƙatar littafin da zai zame masa madubi ya ga kansa, da kuma wanda zai zame masa taga ya hango rayuwar wasu. Yaron da bai taɓa ganin irinsa a littafi ba yakan ɗauka labari na wasu ne, wanda kuma irinsa kawai yake gani yakan tashi yana zaton duniya iyakar abin da ya sani ce. Harshe ma yana cikin wannan lissafi, domin yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake ji a gida, amma mafi yawan jere-jeren da ake yaɗawa sun taƙaita ne ga manyan harsunan kasuwa. Akwai masu ƙoƙarin cike wannan giɓi. Ɗakin karatun yara na duniya da Jella Lepman ta kafa a birnin Munich na Jamus a 1949 yana fitar da zaɓaɓɓun littattafai 200 kowace shekara daga ƙasashe da harsuna masu yawa, ƙungiyar IBBY mai fafutukar littattafan yara a duniya tana ba da lambar Hans Christian Andersen duk bayan shekara biyu tun 1956, gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a Najeriya kuma tana keɓe shekara ɗaya cikin huɗu ga adabin yara da kyautar dala 100,000, daidai da abin da take ba wa ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo. Dandamali irin su African Storybook da StoryWeaver sun buɗe ƙofa ga kowa ya fassara labari zuwa harshensa kyauta, ko da yake wannan sauƙin yana nufin ingancin fassarar ya bambanta, kuma sai babba ya karanta kafin ya miƙa.

Tsofaffin lambobin yabo na yara, kamar Newbery ta 1922 da Caldecott ta 1938 wadda ake ba mai zane, galibi masu kula da ɗakunan karatu ne alƙalansu, kuma ina ganin hikima a haka, tunda su ne ke ganin littafin da yara ke rububi da wanda ke kwana a kanta. Amma su ma manya ne, kuma ɗanɗanonsu na iya saɓa wa na yara. A 2020 babban ɗakin karatun jama'a na birnin New York, yana bikin cika shekara 125, ya fitar da littattafai goma da aka fi ara a tarihinsa, shida daga ciki na yara ne, na ɗaya kuma littafin hoto ne na Ezra Jack Keats da ya fito a 1962, labarin wani yaro baƙar fata da ya fita wasa a dusar ƙanƙara, wanda aka ara fiye da sau 485,000. A sanarwar ɗakin karatun ya bayyana cewa akwai littafin da ya kamata ya shiga jerin amma bai shiga ba, wato littafin kwanciya barci na Margaret Wise Brown mai suna Goodnight Moon. Ya fito a 1947, amma Anne Carroll Moore, wadda ta kafa sashen yara na ɗakin karatun kuma maganarta ke da nauyi ko bayan ta yi ritaya, ba ta so shi ba, don haka bai hau kantar ɗakin ba sai a 1972. Moore ba ƙaramar mace ba ce a tarihin karatun yara, ita ce ta yi fafutukar a buɗe wa yara ƙofar ɗakin karatu a ba su aron littafi, kuma duk da haka hukuncinta ya raba yaran birni guda da wannan littafi har tsawon shekara 25, yayin da iyaye ke sayen sa a kantuna saboda 'ya'yansu sun ce a sake karanta musu.